Me jami'o'in Amurka ke samu a wasanni da dabbar tambarinsu?

Tambaya: Ƙanena ɗan tsere ne, yana neman gurbin karatu a wata jami'ar Amurka ta hanyar wasa. Da na duba shafin jami'ar sai na ga hotunan filin wasa da na wani mutum sanye da kayan dabba yana tsalle sun fi na ɗakin karatu yawa, kuma na ji an ce kocinsu ya fi shugaban jami'ar albashi. Ni malamin makaranta ne, abin ya ɗaure min kai. Wane amfani wasanni da wannan dabbar suke yi wa ilimi? Ko ɓarnar kuɗi ce kawai?

Amsa: Malam, abin da ya ɗaure maka kai ya ɗaure wa Amurkawan kansu kai fiye da shekara ɗari, kuma har yau ba su gama gardama a kansa ba. Na daɗe ina bibiyar yadda ake tafiyar da jami'o'insu, kuma abin da na fahimta shi ne sana'a biyu ce aka haɗa a gida ɗaya ana kiransu da suna ɗaya. Akwai wasan ɗalibai na gaske, wanda dubban ɗaruruwan matasa ke yi ba tare da kyamara ta leƙo su ba. Akwai kuma kasuwar nishaɗi ta biliyoyin daloli da aka gina a kan wasanni biyu kacal, zari-rugar Amurka da ƙwallon kwandon maza. Ƙanenka na cikin ta farko. Kocin da ka ji labarin albashinsa na cikin ta biyu. In ba a raba su ba, duk hukuncin da aka yanke zai zalunci ɗayansu.

Ba gwamnati ce ta kafa tsarin ba, ɗalibai ne suka fara shi. A 1852 ɗaliban Harvard da na Yale suka yi tseren kwale-kwale a wani tafki a jihar New Hampshire, a 1869 kuma Rutgers da Princeton suka buga wasan da ake ɗauka a matsayin farkon zari-rugar jami'o'i. Kafin a ankara wasan ya zama na zubar da jini, har a kakar 1905 aka rasa rayukan matasa da dama a fili. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. A 1906 aka kafa ƙungiyar kula da wasannin jami'o'i, wadda ta koma NCAA a 1910. Yau makarantu kusan 1,100 ne a ƙarƙashinta, da 'yan wasa sama da 500,000, an kasa su rukuni uku. Rukuni na uku, wanda ya fi yawan makarantu, ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa ko kaɗan. Manyan jami'o'in nan takwas da suka haɗa da Harvard da Yale da Princeton su ma ba sa bayarwa. Ɗalibi ya biya kuɗinsa ko ya samu tallafi ta wata hanya, sannan ya tashi da asuba ya yi atisaye don yana so.

Amfanin da babu gardama a kansa shi ne ƙofar da wasa ke buɗewa. Hakeem Olajuwon ya bar Legas a 1980 ya tafi Jami'ar Houston, ya kai ta zagayen ƙungiyoyi huɗun ƙarshe na gasar ƙwallon kwando sau uku a jere, a 1984 kuma shi aka fara zaɓa a NBA, gasar ƙwararrun ƙwallon kwando, gaban Michael Jordan. Tobi Amusan ta bi ta Jami'ar Texas da ke El Paso, ta ci kofin NCAA a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2017, a 2022 ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a filin Jami'ar Oregon. Joel Embiid, ɗan ƙwallon kwando na Kamaru, ta Jami'ar Kansas ya bi. Waɗannan su ne sunayen da kowa ya sani, amma ba su ne hujjata ba. 'Yan wasan jami'a da ke zama ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Hujjata ita ce sauran, ɗan direba ko 'yar mai aikin asibiti da suka fita da digiri ba tare da bashin da ke danne tsararrakinsu ba, saboda suna da ƙafa ko hannu.

Amurka ba ta da ma'aikatar wasanni da ke ɗaukar nauyin 'yan wasanta kamar yadda aka saba a ƙasashe da yawa. Jami'o'i ne ke yi mata wannan aiki. Kusan kashi uku cikin huɗu na tawagar da ta kai gasar Olamfik ta Faris a 2024 sun bi ta wasannin jami'a, kuma ƙasashen duniya da dama, har da Najeriya, suna cin lambobi da 'yan wasan da aka horar a waɗannan filaye. Mu ma muna da gasar jami'o'i ta NUGA, amma ɗan tseren da ya kai wani matsayi yakan nemi waje ne, domin can akwai fili mai kyau, da likita, da abinci, da gasa kusan kowane mako a lokacin kakar wasa.

Wasan ya kuma taɓa zamantakewar ƙasar ta inda lacca ba ta iya taɓawa. A 1966 jami'ar nan ta El Paso, lokacin ana kiranta Texas Western, ta fito da baƙaƙen fata biyar a farkon wasan ƙarshe na ƙwallon kwando, ta doke Kentucky wadda 'yan wasanta duka farare ne, da ci 72 da 65. A zamanin da jami'o'in kudu da yawa ba sa yarda baƙi ya sa rigarsu, wannan dare ya girgiza mutane. Sai dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Dokar ba ta ma ambaci wasa ba, amma a can tasirinta ya fi fitowa. A watan Agustan 2023 mutum 92,003 suka cika filin Jami'ar Nebraska don kallon ƙwallon ragar mata. A 2024 wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon mata tsakanin Iowa da South Carolina ya samu masu kallo a talabijin sama da miliyan 18, fiye da na maza. Ba na jin akwai wanda zai kira wannan ɓarna.

Yanzu ga ɓangaren kuɗi, inda zarginka ke da ƙarfi. Kuɗin da ke shigowa ba na wasa ba ne. Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, mai ƙungiyoyi 68, an sayar da haƙƙin nuna ta ga gidajen talabijin na CBS da Turner a 2010 kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, daga baya aka tsawaita zuwa 2032 da ƙarin biliyan 8.8. Rukunin jami'o'in Big Ten ya sa hannu a 2022 kan yarjejeniyar talabijin ta kusan dala biliyan 7 a shekara bakwai. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, a garin Ann Arbor da mazaunansa ba su wuce hakan da yawa ba. Mai jin waɗannan alƙaluma zai ɗauka wasa ne ke ciyar da jami'a.

Ba haka ba ne. Cikin jami'o'i kimanin 130 da ke matakin ƙoli na zari-ruga, rahotannin NCAA kanta sun sha nuna cewa ashirin da 'yan kai ne kawai sashen wasanninsu ke samun fiye da abin da yake kashewa. Sauran duka jami'a ce ke cike musu giɓi, daga baitulmalinta ko daga harajin wasanni da ake ɗora wa kowane ɗalibi a kuɗin makaranta, ko ya taɓa taka filin ko bai taɓa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a duk tsarin. Yarinyar da ke wanke kwanuka a gidan abinci da dare don ta biya kuɗin karatu, ko wadda ta ci bashin gwamnati, tana biyan wani kaso na tafiye-tafiyen ƙungiyar da ba ta da lokacin kallo. Dalilin da ya sa ko masu samun kuɗin ba sa tara shi kuwa shi ne gasa: duk dalar da ta shigo sai a zuba ta a sabon gini ko sabon koci don kada maƙwabciya ta wuce. Kocin zari-ruga Nick Saban yana karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara kafin ya bar Alabama. A 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, kuma kwantiraginsa ya tilasta mata biyansa fiye da dala miliyan 75 don ya daina aiki. An ce daga asusun wasanni da gudummawar masu hannu da shuni za a biya, ba daga kuɗin karatu ba, kuma haka ne. Amma attajirin da ya ba da wannan gudummawa, da an roƙe shi don ɗakin gwaje-gwaje aka roƙe shi. A jihohi da yawa na Amurka, ma'aikacin gwamnati mafi albashi koci ne.

Masu kare tsarin suna cewa wasa talla ne. Suna kawo misalin Doug Flutie na Boston College, wanda ya jefa ƙwallon da ta ci Miami a daƙiƙar ƙarshe a watan Nuwamban 1984 a gaban masu kallon talabijin, kuma masu neman gurbi a makarantar suka ƙaru a shekarun. Akwai gaskiya a ciki, domin ƙaramar jami'a da ta yi abin mamaki a gasar Maris takan ga takardun neman shiga sun ƙaru. Sai dai tallan na mai nasara ne, kuma a kowane wasa ɗaya ne ke ci. Jami'o'i goma za su zuba kuɗi suna jiran irin wannan dare, tara ba za su gan shi ba.

Inda kuɗi ya yi yawa kuma karatu kan ji jiki. A 2014 binciken da Jami'ar North Carolina ta sa aka yi mata ya gano cewa tsawon shekara 18 ɗalibai kusan 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun bi ta wasu darussa na bogi waɗanda ba a shiga aji, takarda ɗaya ake miƙawa a ba da maki mai kyau. Kuma wannan jami'a ce mai daraja. Doka ta ce kada atisayen dole ya wuce awa 20 a mako, amma da zarar an haɗa tafiya, da jinya, da atisayen da ake cewa na ganin dama ne, ɗan wasan babban rukuni aikin cikakken ma'aikaci yake yi. Tun da rukunin Pac-12 ya watse, jami'o'in Kalifoniya biyu da Oregon da Washington suka koma Big Ten a 2024 don kuɗin talabijin, ɗalibi a Los Angeles kan tsallaka ƙasar gaba ɗaya zuwa New Jersey don wasa ɗaya, sannan ya dawo ya shiga aji. Ga kuma lahanin ƙwaƙwalwa da karon kai a zari-ruga ke haifarwa, wanda likitoci suka tabbatar a gawarwakin tsofaffin 'yan wasa da dama.

Akwai wadda ta taɓa cewa ta gaji. Jami'ar Chicago na cikin waɗanda suka kafa Big Ten, ɗan wasanta ne ya fara cin kyautar Heisman ta gwarzon zari-rugar jami'o'i a 1935, amma a 1939 shugabanta Robert Hutchins ya rufe zari-ruga ɗungurungum. A ƙarƙashin kujerun filin da aka daina amfani da shi ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya a watan Disamban 1942. Jami'ar ba ta rasa komai a daraja ba, kuma da ta dawo da wasan a 1969, a ƙaramin mataki ta dawo da shi. Amma a duba Jami'ar Alabama da ke Birmingham: ta rufe nata a Disamban 2014 saboda asara, mutanen gari suka tashi haiƙan, suka tara gudummawa, cikin wata shida aka janye hukuncin. Darasi biyu ne masu karo da juna, kuma dukansu gaskiya ne. Babbar jami'ar bincike tana iya rayuwa ba ƙwallo. Jami'ar jiha kuwa sau da yawa ƙwallon ce igiyar da ta ɗaure ta da talakan da ke biyan harajin da ake tafiyar da ita, waɗanda ba su taɓa shiga ajinta ba.

Nan ne dabbar da ka gani ta shigo. Ita ce tambarin makaranta, wani lokaci mutum ne cikin kayan dabba, wani lokaci dabba ce mai rai. Yale na da karenta Handsome Dan tun ƙarshen ƙarni na 19. Texas na da bijimi mai dogayen ƙaho, Bevo, tun 1916. Jami'ar Jihar Louisiana na da damisa mai suna Mike tun 1936, Georgia na da zuriyar karnuka masu suna Uga tun 1956, Colorado kuma na sakin ɓauna ta zagaya fili da gudu, ɗalibai na riƙe da igiya. Idan ka taɓa shiga filin Sani Abacha ka ji dubban mutane sun haɗa baki suna cewa "Sai Masu Gida", ka riga ka san aikin da tambari ke yi. Jami'ar da ke da ɗalibai dubu arba'in ko hamsin, mai karatun likita bai san mai karatun noma ba, ɗan ƙauye bai san ɗan birni ba, baƙo daga wata ƙasa bai san kowa ba. Suna buƙatar abu guda da za su ce namu ne. Yaron da ya ji shi ɗan gida ne ya fi wuyar barin karatu a tsakiya, kuma tsohon ɗalibin da har ya tsufa yana sa rigar makarantarsa shi ne ke aiko da gudummawa. Jami'o'in Amurka sun dogara sosai da kyautar tsofaffin ɗalibai, kuma rajistara ba ya iya haifar da wannan ƙauna da takarda. A kan abin da ake kashewa, tambari ne mafi arha a duk harkar, yana ma kawo kuɗi ta sayar da riguna da huluna.

Tambarin da ya fi burge ni shi ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz. Hukumar makaranta ta zaɓi zakin teku, ɗalibai suka ce su wata halitta suke so mai kama da dodon koɗi marar ƙoƙo, launin ayaba, wadda ke rarrafe a dajin harabarsu. Aka yi ƙuri'a a 1986, ɗalibai suka yi rinjaye, shugaban ya sakar musu. Tambarin ya yi aiki ne don masu shi ne suka zaɓe shi.

Matsala na tasowa idan tambarin mutane ne, ba dabba ba. Jami'o'i da yawa sun daɗe suna sa wa wani ɗalibi farar fata gashin tsuntsu da fenti ya fito yana kwaikwayon rawar ƙabilun asalin Amurka, mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka kusan ƙarar da su. Kayan da ake wasa da su ɗin nan, a wurin masu su na ibada ne da sarauta. Stanford ta daina a 1972. A 2005 NCAA ta kafa doka a kan irin waɗannan tambura a gasanninta, a shekarar kuma ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta yi kira a yi watsi da su saboda illar da suke yi wa yaran waɗannan ƙabilu. Illinois ta ajiye nata, Chief Illiniwek, a 2007. North Dakota ta yi shekaru ana shari'a da ƙuri'a kafin ta bar sunan ƙabilar Sioux a 2012. Jami'ar Mississippi kuma ta janye dattijon nan Colonel Reb daga fili a 2003, domin yana tuna wa baƙaƙe masu gonakin da suka bautar da kakanninsu. Tsofaffin ɗalibai sun yi fushi, suna cewa girmamawa suke nufi, kuma na yarda da yawansu haka suke ji a zuciya. Amma wanda ake girmamawa shi ke da hurumin cewa ya ji girma ko ya ji wulaƙanci. Shi ya sa Jami'ar Jihar Florida ta ci gaba da sunan Seminole, domin majalisar ƙabilar a Florida ta amince a rubuce, kuma ana shawartarta a kan kayan da mahayin dokinsu ke sawa. Utah ma haka ta yi da ƙabilar Ute.

Wani babban sauyi ya zo kwanan nan, kuma ya shafi ƙanenka. Shekara da shekaru an hana 'yan wasa karɓar ko sisi bayan tallafin karatu, alhali koci da gidajen talabijin na kwasar miliyoyi da guminsu. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, daga 1 ga Yulin shekarar kuma aka bar 'yan wasa su yi talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House: za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kowace jami'a kuma tana iya raba wa 'yan wasanta kimanin miliyan 20.5 a shekarar farko. Adalci ne da ya makara. Tsorona shi ne mafi yawan kuɗin zari-ruga da kwando za su tafi, kuma jami'ar da ke neman inda za ta rage kashe kuɗi, kan tsere da ninƙaya da kokawa idonta ke fara sauka. Ko Stanford mai arziki ta sanar da rufe wasanni 11 a 2020, sai da aka yi mata ca ta fasa a shekarar da ta biyo.

Saboda haka, Malam, ka bar hoton filin da na dabbar, ka taya shi duba takardar da za su ba shi. Tallafin 'yan tsere sau da yawa ba cikakke ba ne. Shekaru masu yawa doka ta ƙayyade wa ƙungiyar maza ta babban rukuni tallafi 12.6 ne kawai, koci ya yayyanka ya raba wa mutum talatin ko arba'in, kuma ko da aka sauya dokar, aljihun jami'o'i bai sauya ba. A tambaya kashi nawa za su biya, ko ya haɗa da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa ko na shekara huɗu, da abin da zai faru in ya ji rauni ko kocin da ya ɗauko shi ya tafi. A tambaya ko jadawalin atisaye zai bar shi ya karanci fannin da yake so, domin akan lallaɓa 'yan wasa su koma fanni mai sauƙi. Sai ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, wadda za ta nemi sakamakonsa na sakandare, kuma kada ya ja lokaci, domin shiga gasa fiye da shekara ɗaya bayan gama sakandare na iya cinye masa shekarun da zai yi wasa. Kuɗin tallan nan kuma kada ya sa su a lissafi, domin bizar ɗalibai ta F-1 ta taƙaita aikin da baƙo zai yi a cikin Amurka, kuma karɓar kuɗi ba tare da shawarar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ba na iya jawo masa asarar bizar. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, a nemi adireshin kocin a shafin jami'ar a rubuta masa kai tsaye, a haɗa da lokutan tseren yaron da aka tabbatar da bidiyonsa.